Wa ke tsaya wa ƙarfen da muke saye?

A ƙarshen daminar bara, tayar motar da ta ɗauko mu daga Funtuwa ta yi faci jim kaɗan bayan mun wuce Sheme. La'asar ta yi sanyi, kuma duk wanda ya san wannan hanya ya san ba wurin tsayawa ba ne. Direba ya ciro sifanar taya sabuwa fil, sai ɗaukar ido take yi, ya ɗora a kan noti ya taka. Na farko ya kwance. A na biyu bakin sifanar ya buɗe, ta riƙa zamewa tana cinye kusurwoyin notin. Abin da ya fitar da mu shi ne wata tsohuwar sifana baƙa wuluk da wani direban babbar mota ya tsaya ya ara mana. Da na tambayi direbanmu inda ya sayi tasa, ya faɗi kasuwar, amma ya ce ko ya koma ba zai gane yaron da ya sayar masa ba.

Wannan amsa ta fi karyewar sifanar tsaya mini a rai. Kakan wannan direba, in gatarinsa ya dakushe tun a saran farko, ya san ƙofar gidan da zai je ya yi magana. Jikan kuwa yana riƙe da ƙarfe mai rubutun Turanci a jiki, ba shi da wanda zai kama. Tarihin kayan aikin hannu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a ganina, tarihin wannan tambaya ce: wa ke tsaya wa ƙarfe in ya ba da kunya?

Sarrafa ƙarfe ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. A Taruga, kusa da Abuja ta yau, Bernard Fagg ya tono murahun narkar da tama waɗanda aka yi aiki da su ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. A shekarun 1970 masu binciken kufai na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin John Sutton, sun tono irinsu a yammacin Samaru, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba daga Funtuwa. Tarihin Kano ma da maƙera ya fara: Abagayawa, waɗanda aka ce sun zo daga Gaya suna neman tama har suka zauna a gindin Dala. Kudancin Katsina, ƙasar duwatsu da marmara da kurmi, tana cikin wannan yanki, domin tana da abubuwa biyun da aikin ke buƙata, wato dutsen tama da itacen gawayi, musamman ƙirya.

Ya kamata mu fahimci abin da ke fitowa daga irin wannan murhu, domin a nan ne ilmin maƙeri ya samo tushe. Zafinsa yakan kai wajen digiri 1,200, wanda bai isa ya mai da ƙarfe ruwa ba. Abin da ake samu curi ne mai ramuka, gauraye da kashin tama, wani gefe mai taushi, wani gefe mai tauri, gwargwadon yadda kowane gefe ya sha sinadarin gawayi. Babu curi biyu da suke daidai. Dole maƙeri ya karanta kowanne da ido da kunne da hannu: launinsa a wuta, amonsa a kan uwar maƙera, yadda yake amsa masaɓa. Mai tauri ya tafi bakin gatari da gizago da wuƙa, mai taushi ya tafi inda ba a buƙatar kaifi. Daga nan sai ban-ruwa, wato tsoma jan ƙarfe a ruwa don ya yi tauri, sannan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa kamar tangaran. Duk wata masana'antar sifana a duniya a yau waɗannan matakai take bi, sai dai da ma'aunin zafi a maimakon ido.

Amma abin da ya fi ilmin muhimmanci shi ne zaman tare. Ƙira sana'ar gado ce, akwai Sarkin Maƙera, kuma maƙerin ƙauye yana noma a gefen gonar wanda ya ƙera wa fartanya. Sau da yawa ma sai kaka ake biyansa, da damin dawa. Wanda zai jira amfanin gonarka kafin ya karɓi ladansa ba zai ba ka fartanyar da za ta lanƙwashe a noman farko ba. Ba na cewa duk maƙeran dā gwanaye ne. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya raina ingancin ƙarfen Kano in an gwada shi da na wasu wurare da ya gani. Sai dai ko maƙeri ya gaza, akwai wurin mayar da kaya.

Barth ɗin dai shi ya nuna mana cewa kayan waje sun riga Turawan mulki isowa. A kasuwar Kano ya ga allurai daga Nuremberg, da asake daga ƙasar Ostiriya, da ruwan takubba daga garin Solingen na Jamus, waɗanda ya ƙiyasta ana shigo da wajen 50,000 a shekara ta hanyar Sahara. A nan ake yi musu ƙota da kube. Wannan ne farkon sayen ƙarfen da ba a san maƙerinsa ba, kuma abin da ya maye gurbin fuskar maƙeri shi ne ɗan tambarin da aka buga a jikin ƙarfen.

Jirgin ƙasa ne ya sauya komai. Ya isa Kano a 1911, sannan reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya dire a Ƙauran Namoda a 1929. Da shi sandunan ƙarfen Turai suka shigo da araha, haka ma tarkacen dogo da na injuna. Ga kuma dokokin gandun daji da suka taƙaita sare itace. Aikin da ke cin kwanaki da tarin gawayi bai iya gasa da ƙarfen da ake saukewa a tasha ba, don haka narkar da tama ta mutu a hankali. Ƙira dai ba ta mutu ba, abincinta ne ya sauya.

A nan ƙasar Faskari take da matsayi na musamman da ba a cika ambata ba. A shekarun 1920 hukumar bunƙasa noman auduga ta daular Ingila ta kafa gonar iri a Daudawa, kuma yankin ya zama ɗaya daga cikin wuraren da noman shanu ya kafu sosai a Arewa. Garmar shanu samfurin Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na garin Ipswich, ta zo da abin da fartanya ba ta taɓa zuwa da shi ba: noti. Fartanya in ta kwance, dutse ya isa a gyara ta. Garmar shanu kuwa sai da sifana, kuma sifanar da ta yi daidai da bakin notin. Ina jin ba kuskure ba ne a ce manomin wannan yanki ya fara riƙe sifana saboda shanu, tun kafin ya yi mafarkin mota. Keke da keken ɗinki da injin niƙa suka biyo baya, kowanne da nasa notin. Da aikin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a 1975 da tallafin Bankin Duniya, wanda ya haɗa da gundumomin Ƙanƙara da Faskari, hanyoyin karkara suka buɗe, motocin ɗaukar amfanin gona suka yawaita, gareji ya zama sana'a a garuruwan da dā sai maƙera. A shekarar ce kuma aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna.

Wani ruɗani da ya shigo a wannan zamani har yau yana cinye notuna. Motocin Ingila na dā, irin su Bedford da Land Rover, da awon inci aka ƙera su. Na Faransa da Jamus da Japan kuwa da milimita. Rabin inci milimita 12.7 ne. Ɗora sifana mai lamba 13 a kan notin rabin inci, za ta shiga, har ma ta juya shi in bai ciza ba, amma wannan ɗan giɓi ya isa ya goge kusurwoyinsa ranar da ya yi tsatsa. Tsofaffin kanikawa sun san wannan, shi ya sa akwatunansu ke da jeri biyu.

Wannan zamani, daga shekarun 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1980, shi ne zamanin tambari. Mutane ba su karanta sunan Ralph Martindale na Birmingham ba, amma sun san adda mai kada. Bakanike ya san sifanar Jamus, irin su Gedore da Elora na garin Remscheid. Kamfani ɗaya ne ke shigo da kaya, babban dila ya saya a kanti, ɗan kasuwa ya saya a wurinsa, don haka in kaya ya ɓaci ana iya bin sawu. Akwai abin dariya a tarihin rubutun "Made in Germany" da muke girmamawa. Majalisar Ingila ce ta tilasta shi a 1887, don a tona asirin kayan Jamus masu araha waɗanda ake buga wa tambarin garin Sheffield na jabu. Alamar gargaɗi ce ta rikiɗe ta zama alamar inganci bayan Jamusawa sun gyara aikinsu. Yana da kyau mu tuna da haka kafin mu yi wa kayan Sin kuɗin goro. Masana'antun Sin suna ƙera mai kyau, suna ƙera marar kyau, kuma ɗan kasuwar da ya je saro kaya shi ke faɗin farashin da yake so a ƙera masa.

Abin da ya karya zamanin tambari shi ne faɗuwar naira. Kafin Satumbar 1986 naira tana kusan kafaɗa da kafaɗa da dala. Bayan tsarin SAP, a 1987 sai da wajen naira 4 ake samun dala ɗaya, kuma daga nan ba ta sake miƙewa ba. Sifanar Jamus ta fi ƙarfin bakaniken Sabuwa. Kasuwa ta cike giɓin da abu biyu: gwanjon Turai, da sabon kaya mai araha wanda ya ari sunan tsohon. Hukumar SON, wadda aka kafa a farkon shekarun 1970, ta fito da tsarin tantance kayan waje na SONCAP a 2005, amma wanda ya sayi filaya a kan tabarma ranar kasuwar Dandume bai taɓa ganin takardar ba. Yau kusan kowace sifana tana ɗauke da rubutun "Chrome Vanadium". A kan ta gaskiya, wannan yana nufin an gauraya waɗannan ma'adinai a cikin ƙarfen don ya yi tauri ba tare da saurin karyewa ba. A kan ta jabu, shafe ne kawai a fata, ciki kuwa ƙarfen zubi ne wanda in ya karye za ka ga tsakiyarsa kamar yashi.

Maƙeri, wanda muka ɗauka zamani ya wuce shi, shi ne ya fi kowa fahimtar wannan hali, domin tun da tama ta ƙare yake zaɓen ƙarfe a cikin tarkace. Ya san rodin gini ba ya shan ruwa yadda ya kamata, saboda sinadarin gawayin da ke cikinsa kaɗan ne, don haka gatarin rodi ba ya riƙe kaifi. Ya san sifirin ɗin mota, mai ɗauke da kusan ninki biyu na wannan sinadari, shi ne na gatari da adda. Ya san tsohon magagari ya fi su duka tauri, shi ake mayarwa wuƙa. Bai koyi wannan daga rubutun jikin ƙarfe ba. Gogawa yake yi da magagari: in ya ci ƙarfen cikin sauƙi, mai taushi ne, in ya zame yana ƙara, ya sha ruwa. Yana buga shi ya saurara, domin ƙarfen da aka daka yana da amo mai tsawo, na zubi ko mai tsaga amonsa a dakushe yake.

Waɗannan gwaje-gwaje suna aiki a kan tabarmar mai kayan aiki kamar yadda suke aiki a maƙera, kuma ban ga abin kunya ba a ma'aikacin banki ko likita ya tafi kasuwa da noti a aljihu. Sifanar da ta shiga notin tana rawa tun tana sabuwa ba za ta gyaru ba. Filaya a rufe ta a ɗaga wa rana, in haske ya ratsa tsakanin haƙoranta a ajiye ta. Hama kuwa ƙotarta za a duba kafin kanta, ko jijiyar itacen ta miƙe, ko an buga mata abin da zai hana kan ficewa. Sukundireban aikin lantarki na gaskiya yana ɗauke da alamar 1000V, kodayake ita ma ana buga ta jabu, don haka a nan mai shagon da zai karɓi kayansa in an dawo da shi ya fi tambarin daraja. Ni kam, tsakanin sabon akwati mai guda 40 da tsofaffin sifanu 5 na gwanjo a kuɗi ɗaya, na biyun zan ɗauka. Araha ba ta ado, kuma a cikin 40 ɗin nan, lamba 10 da 12 da 13 da 14 da 17 ne kawai za su ga aiki a yawancin motocinmu.

Rashin tsaro ya ƙara wa batun nauyi. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Katsina ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, daga baya kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomin da suka haɗa da waɗannan uku. A irin waɗannan watanni, mai injin ban-ruwa ko babur a ƙauyen Sabuwa ba shi da bakaniken da zai kira, ba shi da kasuwar da zai canjo abin da ya karye. Abin da ke cikin buhunsa shi ne gatansa. Ƙauyuka da yawa da suka watse sun watse har da maƙeransu, waɗanda suka koma gefen titi a Funtuwa ko Malumfashi suna ƙera wa baƙin da ba za su sake gani ba.

Na tambayi direban babbar motar nan ko zai sayar mana da sifanarsa, ganin sauran tafiya a gabanmu. Ya yi dariya, ya ce ta maigidansa ce da ya koya masa tuƙi, shi ma a hannun nasa maigidan ya same ta. Na juya ta ina neman tambari, hannu ya riga ya shafe shi. Ya goge ta da tsumma, ya mayar ƙarƙashin kujera, ya ce mu bi bayansa har Yankara.