Sanarwar shari'a a Sin: Abin da ya kamata masu sayayya a Guangzhou su sani

Ɗan kasuwar da ya biya wani kamfani kafin alƙalami a Guangzhou, ya koma Kantin Kwari yana jiran kwantena, zai iya rasa kuɗinsa saboda sanarwar da bai taɓa gani ba. A dokar ƙasar Sin, muddin aka wallafa sanarwa ta hanyar da aka tanada kuma wa'adinta ya cika, to kamar an miƙa wa mutum ita hannu da hannu ne, ko ya karanta ko bai karanta ba.

Idan kamfani zai rushe

Tsohuwar dokar kamfanoni ta wajabta wa kamfanin da zai rushe ya buga sanarwa a jarida. Dokar da aka yi wa garambawul a Disambar 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2024, ta ƙara hanya ta biyu: shafin intanet na gwamnati da ke ɗauke da bayanan kamfanonin ƙasar.

Kalma ɗaya ce ta fi muhimmanci a wannan gyara. Dokar ta ce jarida "ko" shafin, ba ta ce a haɗa duka biyun ba. Ke nan kamfani ne ke da zaɓi, mai bin bashi kuwa sai ya duba ko'ina.

Kwamitin da aka kafa domin raba kadarorin kamfanin yana da kwana 10 ya sanar da waɗanda ya san suna bin bashi, da kwana 60 ya fitar da sanarwa ga jama'a. Wanda takarda ta iske yana da kwana 30 ya gabatar da buƙatarsa. Wanda ba ta iske ba yana da kwana 45 daga ranar sanarwar. Idan ya makara, zai iya shigar da buƙata kafin a rufe lissafi, kuma ana iya biyan sa daga abin da ba a riga an raba ba, in akwai. Kwana 45 kuwa ba wani dogon lokaci ba ne ga mutumin da ya saba jin cewa kayansa "suna kan ruwa".

Sammacin kotu

A nan an riga an buɗe ƙofar intanet tun 2015, lokacin da Kotun Ƙolin Sin ta fayyace cewa idan an rasa inda wanda ake ƙara yake, za a iya liƙa sammaci a allon kotu da gidansa, ko a wallafa shi a jarida ko a intanet. Jaridar kotunan ƙasar, Renmin Fayuan Bao, tana buga irin waɗannan sanarwa, akwai kuma shafin da ke tattara su.

Wa'adin ne ke ta raguwa. Ga mazauna ƙasar, ya sauko daga kwana 60 zuwa 30 a farkon 2022. Ga wanda ba shi da mazauni a Sin, wata shida ne a da, ya koma wata uku a gyaran 2012, sannan kwana 60 daga 1 ga Janairun 2024. Bayan haka kotu na iya sauraron ƙara ta yanke hukunci a bayan idon mutum.

Guangzhou na cikin birane uku, tare da Hangzhou da Beijing, da ke da kotun intanet. An buɗe tata a Satumbar 2018.

Gaskiya ne shafin intanet ya fi jarida amfani ga baƙo, domin babu mai sayar da jaridar Guangdong a Kano ko Maraɗi, amma ana iya buɗe shafi daga waya. Matsalar ita ce da Sinanci ake rubuta sanarwar, kuma sunan Turanci da ke kan rasiɗi sau da yawa ba shi ne sunan da aka yi wa kamfanin rajista da shi ba. Abin da ke fito da kamfani a shafin gwamnati shi ne cikakken sunansa na Sinanci, ko lambar rajistarsa mai haruffa da alƙaluma 18, wadda ke kan lasisin kasuwancinsa.