Kalkata: garin da kamfani ya raya don riba

Duk wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyada ta Kano ya ga hannun Bengal bai sani ba. Zaren da aka saƙa buhunan algarara da shi a can ake noma shi, manyan masaƙunsa kuma na jere a gaɓar kogin Hugli, daf da birnin Kalkata, wanda tun 2001 ake kira Kolkata.

Ƙauyuka uku ne asalinsa: Sutanuti da Gobindapur da Kalikata. A 1690 wani Bature ɗan Kamfanin Gabashin Indiya, Job Charnock, ya yada zango a wurin. Shekara da shekaru ana koya wa yara cewa shi ya kafa garin, sai a 2003 babbar kotun birnin ta ce a'a, ai ya tarar da mutane. Bayan yaƙin Falashi na 1757 'yan kasuwa suka rikiɗe suka zama masu mulki, Kalkata ta zama fadarsu. Suka raba ta biyu: Farin Gari nasu, mai faffaɗan tituna da lambuna, Baƙin Gari na 'yan ƙasa, mai lunguna da cunkoso.

To, a lungunan nan ne abin ya faru.

Turawa na buƙatar akawu da masu sanin shari'a, don haka gwamnansu Warren Hastings ya buɗe Madarasar Kalkata a 1780. A 1817 attajiran gari suka haɗa kuɗi aka kafa Kwalejin Hindu. Akawu aka nema, sai ga masu jayayya. Ku dubi Ram Mohan Roy, Bahinde ɗan gidan malamai, amma ya sha Larabci da Farisanci har ya rubuta littafin tauhidi mai suna Tuhfatul Muwahhidin, da Farisanci, gabatarwarsa da Larabci. Shi ya tsaya kai da fata kan al'adar ƙona mace da ranta tare da gawar mijinta. Bai ce Turawa sun ce ba. Littattafan addininsu ya buɗe wa malamansu, ya ce su nuna masa inda aka wajabta. A 1829 aka haramta. Wani malami mai suna Vidyasagar ya ɗora, a 1856 doka ta ba matan Hindu da mazansu suka mutu damar sake aure.

A wannan shekarar ce kuma Turawa suka tuɓe Sarkin Awad, Wajid Ali Shah, ya ƙare rayuwarsa a unguwar Metiyaburuj da mawaƙansa da teloli da masu dafa masa abinci. Har yau idan aka zuba maka biriyani a Kalkata za ka tsinci ƙaton dankali a tsakiyar shinkafa, mutanen gari kuma su ce daga kicin ɗinsa abin ya samo asali. Wasu na cewa kuɗin nama ne ya yi ƙaranci, zuriyarsa na cewa lokacin dankali abincin manya ne. Ni dai na fi karkata ga na biyun, sarki ko an tuɓe shi ba ya rasa nama.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Begum Rokeya. A kulle ta tashi, yayanta ne ke koya mata karatu da dare bayan gida ya yi barci. Da mijinta ya rasu ya bar mata kuɗi, ta buɗe makarantar 'yan mata Musulmi, a 1911 ta kawo ta Kalkata da ɗalibai takwas kacal. Gida-gida take bi tana roƙon iyaye, har keken doki mai labule ta tanada don kada a ce an ga 'yar wani a titi. Makarantar, mai suna Sakhawat, na nan har yanzu.

A shekarar 1911 ɗin dai aka shelanta mayar da fadar mulki Delhi. Shekara biyu bayan haka Rabindranath Tagore, haifaffen unguwar Jorasanko a tsakiyar Baƙin Gari, ya ci kyautar Nobel ta adabi, mutum na farko daga wajen Turai. Taken Indiya da na Bangaladash duk daga alƙalaminsa suka fito.

Titin Kwaleji kuwa, inda jikokin waɗancan akawun ke karatu, rumfunan tsofaffin littattafai ne hagu da dama, an tula su har rufi. Mai shayi zai miƙo maka a ɗan ƙaramin kofin yumɓu, ka shanye, ka jefar da shi ya fashe a gefen hanya.