Gani Odutokun: Mai Zanen da Ya Zauna a Zariya

Duk wanda ya buɗe tarihin zanen zamani a Nijeriya zai ci karo da sunan Zariya tun a shafukan farko. A 1958 ne wasu ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi yarda a mayar da su 'yan amshin shatan malamansu Turawa, suka ce dole a haɗa dabarun Turai da abin da aka gada a gida. Sai dai da kammala karatu kowa ya kama gabansa. Okeke ya ƙare a Nsukka, Nwoko ya nufi Ibadan, Grillo da Onobrakpeya suka tare a Legas.

Marubuta sun fi son tsayawa a nan, kamar dai labarin zane a Zariya ya ƙare ranar da waɗannan samari suka bar garin. Bai ƙare ba. Abin da ya mayar da Zariya makaranta mai salo nata, wadda ake gane ɗalibinta da ganin aikin hannunsa, ya zo ne daga baya, ta hannun malaman da suka zauna suka yi ta fama da aji shekara da shekaru. A cikinsu babu wanda ya bar sawu kamar Gani Odutokun.

An haife shi a 1946 a garin Nsawam na ƙasar Gana. Iyayensa Yarabawa ne 'yan asalin Offa, a Jihar Kwara ta yanzu, irin mutanen da neman abinci ya kai ƙasar koko. Ya yi aikin akawu kafin ya shiga jami'a, don haka ba da ƙuruciya ya zo Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ba: yana da shekara ashirin da wani abu ya fara karatun zane a 1972. Ya sami digirin farko a 1975, sashen zane ya riƙe shi a matsayin ƙaramin malami a 1976, ya kammala digiri na biyu a 1979. Daga nan bai sake canza wurin aiki ba.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne yadda yake sarrafa fentin mai. Mai zane na al'ada yakan ɗebo fenti da kaurinsa, ya shafa da buroshi daidai inda ya yi niyya. Odutokun kuwa sai ya tsinka shi ya yi ruwa-ruwa, ya zuba a kan ƙyallen zanen, ya bar shi ya gangara. Wani launi ya shiga cikin wani, wani wuri ya taru ya yi duhu, wani ya tsiyaye ya bar farin fili. Sai a lokacin aikin ido yake farawa. Wane layi za a bari, wanne za a danne, ina siffar mutum ko ta doki take neman fitowa daga cikin abin da ya kwarara? Maginin Zazzau da ke fitar da dagi a jikin bango ya san irin wannan gaggawa, domin shi ma dole ya yanke shawara kafin laka ta bushe.

Ba wasa da fenti yake yi ba, kuma nan ne masu kallonsa sama-sama suke kuskure. Odutokun yana ganin rayuwa kanta haka take tafiya, tsakanin abin da mutum ya tsara da abin da ya faɗo masa ba zato, kuma mai zane na gaskiya shi ne wanda ya iya aiki da duka biyun. Wannan tunani ya fito daga mutumin da aka haifa a wata ƙasa, asalinsa yana wata, aikinsa kuma ya kai shi wuri na uku. Hannunsa ya ƙware a zanen siffa kafin ya saki fenti ya gudana, shi ya sa ko a ayyukansa da suka fi rikitarwa akwai ƙashin bayan da ke riƙe da hoton.

Bai kuma ɓuya a bayan launi ya bar ƙasa tana ci da wuta ba. Shekarun da ya fi ƙarfin aiki sun zo daidai da mulkin soja, musamman zamanin Janar Ibrahim Babangida, daga 1985 zuwa 1993, lokacin da darajar naira ta faɗi, albashin malamin jami'a ya koma abin tausayi, da yawa suka tsallake zuwa ƙasashen waje. A wannan yanayi ya yi jerin hotuna a kan sarki da fadarsa. Wanda ya fi shahara shi ne The King Shares a Joke with His Generals, inda mai mulki yake raha da manyan hafsoshinsa. Bai ambaci sunan kowa ba, bai kuma buƙaci yin hakan ba. Duk wanda ya rayu a wancan lokaci ya san wace dariya ake nufi, ya kuma san su wa aka bari a waje.

A 1991 ya yi Dialogue with Mona Lisa, inda ya zaunar da shahararriyar matar nan ta Leonardo da Vinci wuri guda da sassaƙen Afirka. Tambayar da samarin 1958 suka yi ce ya sake ɗaukowa, amma da sanyin rai. Su sun yi ta ne cikin zafin neman 'yanci. Shi kuwa ya ɗauki al'adun biyu a matsayin tsararraki da za su iya zama su yi magana, ba tare da ɗaya ta durƙusa wa ɗaya ba.

Akwai abin da za a iya cewa a kan wannan gado, kuma bai kamata a rufe shi ba. Salon zuba fenti yana da saurin burgewa, yana kuma da sauƙin kwaikwayo. Ɗalibin da bai iya zana hannun mutum ba zai iya watsa launi a ƙyalle ya ce ya bi malam. Amma laifin mai kwaikwayo ba ya hawa kan wanda aka kwaikwaya, kuma waɗanda suka fahimce shi da gaske ba su tsaya inda ya tsaya ba. Jerry Buhari, ɗan Jihar Kaduna da ya yi karatu a sashen kuma ya zama malami a cikinsa, ya ɗauki fenti mai gudana ya juya shi zuwa maganar lalacewar muhalli da ta ƙasa, abin da ya zama nasa na kansa.

Wani ɓangaren aikinsa ba a rataye shi a bango. Odutokun yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar The Eye a Zariya, tare da abokan aiki irin su Buhari da Jacob Jari, kuma ƙungiyar ta riƙa buga mujalla mai wannan suna. Wanda ya san wahalar buga ko da ƙaramar ƙasida a jami'ar Nijeriya a farkon shekarun 1990 zai gane nauyin wannan aiki. Manufar ita ce masu zane na arewa su sami inda za su rubuta a kan aikin junansu, su yi suka, su yi gardama, maimakon su zauna jiran wani daga Legas ko Landan ya zo ya faɗa musu darajarsu.

Ya rasu a watan Fabrairun 1995 a hatsarin mota, yana dawowa daga wani baje kolin zane a Cibiyar Goethe da ke Legas, tare da wasu abokan tafiyarsa. Bai cika shekara 49 ba. A wannan shekarar aka nuna aikinsa a Whitechapel da ke Landan, cikin babban baje kolin nan na zanen zamani na Afirka mai suna Seven Stories. A 2000 kuma zauren Brunei na makarantar SOAS ya shirya wani musamman dominsa, mai suna Accident and Design. Masu shirya shi ba su rataye hotunansa su kaɗai ba. Sun jera su tare da na ɗalibai da abokan aikin da suka ɗauki wani abu daga gare shi.