Hasashen Makomar Mai Gazawar Hanta a Libreville

Hasashen makomar mai gazawar hanta shi ne ƙiyasin da likitoci ke yi na yiwuwar rayuwar majiyyacin da hantarsa ta kasa tace guba da samar da sinadaran daskarar da jini. A Libreville, babban birnin Gabon, cutar hanta nau'in B ta yaɗu, kuma nau'in D, wanda ba ya kama kowa sai mai nau'in B, yana gaggauta lalacewar hantar, har majiyyaci ya isa asibiti da shawara a ido da ciki cike da ruwa.

Wajen yin wannan hasashe, ma'aunin Child-Pugh, wanda aka kafa a 1964 aka gyara a 1973, yana duba abubuwa biyar: bilirubin, wato sinadarin da ke kawo shawara, da furotin albumin, da lokacin daskarewar jini, da ruwan ciki, da ruɗewar hankali. Makinsa daga 5 zuwa 15 ne, kuma mai maki 10 zuwa sama yana rukunin C, mafi hatsari. Ma'aunin MELD, wanda Amurka ta ɗauka a 2002 don jera masu jiran dashen hanta, yana haɗawa da aikin ƙoda, sai dai amfaninsa ya ragu inda dashe ke buƙatar kai majiyyaci ƙasar waje.