Karatu da Harshe Biyu a Birnin Kano: Zaure da Makarantar Boko

Masu nazarin tarihin ilmi sukan fara labarin karatu da harshe biyu a Kano daga 1909, shekarar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa. Wannan lissafi bai cika ba. Wanda ya shigo birni ta Ƙofar Ruwa, ya bi ta gindin Dala ya nufi Madabo, ya ratsa unguwannin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana wannan aiki kafin zuwan Turawa.

Ga yadda karatun zaure yake. Almajiri ya ja baƙi, ya karanto gaɓa guda ta Larabci daga Ahalari ko Iziyya ko Risala, malami ya mayar masa da Hausa kalma bayan kalma, sa'an nan ya yi bayani. Haka za a yi ta tafiya har Muhtasar, littafin da malaman Madabo suka yi suna a kansa. Abin lura shi ne, ba a ajiye Hausa ko da karatu ya yi nisa. Larabci ne harshen littafi, Hausa kuwa harshen fahimta, tun daga yaro har mai furfura. Hausa ma ta ci riba, gama ta wannan hanya kalmomi irin su hukunci da sharaɗi da hujja suka zauna a bakin malamai da alƙalai. Amma fa tsarin yana da rauni: mutum yakan iya warware littafi mai wuya, ya kasa hira da Balarabe.

Boko ta zo da wani tsari dabam. A elementare ana koyarwa da Hausa, a midil sai Turanci ya karɓe, Hausa ta koma darasi ɗaya cikin darussa. Watau tsani ce, a hau a ture. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ma wannan ta bi: harshen gida a farkon firamare, daga baya Turanci. A ganina nan aka yi asara, don yaro yakan sake harshe daidai lokacin da lissafi da kimiyya suka fara nauyi. Gwajin da aka fara a Ife a 1970, inda aka koyar da Yarabanci shekara shida, ya nuna yaran ba su faɗi baya a Turanci ba.

Inda hanyoyin biyu suka haɗu a Kano shi ne makarantar shari'a da aka kafa a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan. A 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ana koyar da Larabci da Turanci da Hausa tare. Daga nan aka yaye alƙalai da malaman makaranta da yawa a Jihar Arewa, cikinsu har da Shehu Abubakar Gumi, wanda ya fassara Alƙur'ani da Hausa.