Daga Birnin Katsina zuwa Maraɗi: Darasi ga Mai Riƙon Jama'a

Yau za mu waiwayi tarihin wannan kwari namu, wanda Gulbin Maraɗi ke ratsawa daga ƙasar Katsina, ya biyo ta Jibiya da Madarunfa, ya nufi Tsibiri.

A shekarar 1807 jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci birnin Katsina, Malam Ummarun Dallaji ya zama sarki. Gidan sarautar da ya shekara ɗaruruwa yana mulki ya watse, aka sake karya su a Dankama, waɗanda suka tsira suka fake a Damagaram. Ganuwar birnin ba ta gaza ba, kuma ba a rasa dawaki ba. Abin da sarakunan Hausa suka rasa shi ne zukatan talakawa. Shehu ya lissafta dalilan a littafinsa Kitabul Farƙi: haraji mai nauyi, ƙwace dukiyar mutane, da cin hanci a wurin shari'a. Da rana ta ɓaci, talaka bai ga abin da zai mutu dominsa ba.

Abin lura shi ne yadda kuskuren ya sake dawowa. Wakilin da sababbin masu mulki suka ajiye a Maraɗi, mai suna Mani, ya tsananta wa mutanen kwari, har suka tayar masa. Su ne suka aika wa Ɗan Kasawa, ɗan tsohon gidan sarauta, ya zo ya jagorance su. Wajen 1819 ya kafa mulkinsa a Maraɗi, inda har gobe ake kiran magadansa Sarkin Katsina. Gidan da ya rasa birni saboda ƙosawar talakawa ya samu sabon gari da yardar talakawa. Wanda ya yi nasara kuwa, da bai dubi ramin da na gabansa ya faɗa ba, sai ya afka ciki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

A sabon gari sarauta ta jingina da manyan majalisa huɗu, Galadima da Ƙaura da Ƴandaka da Durɓi, masu zaɓen sarki. Shi ya sa ko da aka kashe Sarki Rauda a yaƙin Gawakuke a 1836, ƙasa ba ta rushe ba. Aka naɗa Ɗan Mari, aka ci gaba.

Wannan hanya muna da asalinta a Musulunci. A Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, maharba suka bar dutsen da aka tsayar da su, sahabbai kusan 70 suka yi shahada. Suratu Ali Imrana ta bayyana musu inda suka kuskure, sannan ta umurci Annabi da yafe musu da ci gaba da shawara da su. A shekara ta 5, shawarar Salmanul Farisi ta haƙa gwalalo ta zama sanadin tsirar Madina.

To, mai gari da liman, shugaban ƙungiyar manoma da maigida, kowanenmu yana da jama'ar da za a tambaye shi a kanta. In abu ya lalace a hannunmu, mu fara binciken kanmu kafin mu nuna wani, mu kira waɗanda muka ɓata wa, mu saurare su, mu sauke musu nauyin da muka ɗora. Watan azumi lokacin hisabin kai ne. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya karɓi ibadarmu, amin.