Daga Zauren Malam Sambo zuwa Rawanin 'Yandoton Daji

Gusau gari ne da malami ya kafa. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya tara jama'a a nan a zamanin jihadi, kuma waɗanda suka bi shi sun bi shi ne saboda karatu da amana. A shekarun nan ne rundunar Muhammadu Bello ta ci 'Yandoto, tsohuwar cibiyar ilimi ta Katsinar Laka, malamanta suka watsu. Sunan garin bai mutu ba, domin har yau 'Yandoton Tsafe ake kiran sarkin Tsafe, kamar yadda ake kiran na Gusau Sarkin Katsina, na Bungudu kuma Sarkin Fulani. Sharaɗin mubaya'a a wancan lokaci a fili yake: talaka ya yi biyayya, ya ba da zakka, ya fito aikin ganuwa, shugaba kuma ya tsare masa rai da gona, ya raba masa gardama.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 ba su tuɓe rawani ba, sai suka ɗora masa albashi da littafin haraji. Hakimi ya zama ma'aikacin En'e. Daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi, aiki ya koma ƙirga kawunan magidanta da na shanu, a karɓi haraji da jangali, dogarai da 'yan doka na tsaye. A ganina a nan aka fara samun tsaga, domin mai sarauta ya koma duban na sama da shi fiye da na ƙasa. Zuwan jirgin ƙasa a ƙarshen shekarun 1920 ya ƙara wani abu. Gusau ta cika da kantunan sayen gyaɗa da auduga, baƙi suka zauna a Sabon Gari, aka samu attajirai da leburori waɗanda abincinsu ba daga fada yake fitowa ba. Saboda haka lokacin da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, kiran su Malam Aminu Kano na cewa talaka ma yana da baki ya samu masu saurare a irin waɗannan garuruwa na bakin dogo.

Sai aka shiga zare wa sarauta kayan aikinta ɗaya bayan ɗaya. Gwamnatin Gowon ta karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa mulkin yau da kullum ga ciyaman da kansiloli, dokar filaye ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa ga gwamna. Bayan an ƙirƙiro Jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, an ɗaga darajar hakiman da ke ƙarƙashin Sarkin Musulmi suka zama sarakunan yanka. Rawani ya ƙaru, iko ya ragu, kuma takardar naɗi da ta tsigewa duk a ofishin gwamna ake sa musu hannu.

Dattijon Kwatarkwashi da ya tashi a zamanin Sarki Ahmad Umar, wanda ya rasu a 2022 bayan shekara 61 a kan gado, har gobe zai tuɓe takalmi daga nesa, ya faɗi ya ce ranka shi daɗe. Jikansa zai gaida sarki, amma idan aiki yake nema ko taki, gidan ɗan majalisa yake sammako, in bai samu biyan buƙata ba ya ɗauki waya ya faɗa wa duniya ta Facebook. Wasu na kiran wannan rashin kunya. Ni ina ganin tsohon sharaɗin nan yake tambaya: na bi, to me aka tsare mini?

Amsar da ya samu mai ɗaci ce. A Satumbar 2021 'yan bindiga suka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ya yi kimanin wata guda a hannunsu. A Yulin 2022, Sarkin 'Yandoton Daji, masarautar da aka ciro daga Tsafe, ya naɗa Ado Aleru, jagoran 'yan bindiga da 'yan sanda suka taɓa shelar nemansa, sarautar Sarkin Fulani, da hujjar neman zaman lafiya. Gwamna Bello Matawalle ya dakatar da sarkin, daga baya aka mayar da shi. Naɗin kuskure ne babba, kuma ya ci zarafin duk wanda aka kashe wa ɗan'uwa. Sai dai laifin bai tsaya a ƙofar fada ba. Manomin da yake biyan mai bindiga kuɗi kafin ya girbe geronsa ya riga ya san wanda ke mulkin dajin, kuma gwamnatin da ta karɓe 'yan doka daga hannun sarki ita ke da alhakin tsare wannan manomi.